Jagorar Sake Rera Waƙar Wani: Yadda Maimai Ke Kamo Asali Ko Ya Zarce Shi

Sake rera waƙar da wani mawaƙi ya riga ya fitar sana'a ce mai ƙa'idoji, ko da yake da yawa daga cikin masu shigarta suna ɗaukar ta a matsayin gajeriyar hanyar yin suna, tunda an riga an tsara kalmomi, an gina kari, jama'a kuma sun saba da waƙar. A wannan jagora za a riƙa kiran irin wannan aiki waƙar maimai, wato waƙar da mawaƙi na biyu ya ɗauko da kalmominta da karinta, ya rera da muryarsa, aka yi mata sabon kiɗa da sabuwar ɗauka, tare da bayyana sunan mai ita. Mafi yawan waƙoƙin maimai ba sa kama ƙafar na asali, amma akwai 'yan kaɗan da suka kamo shi, wasu ma suka zarce shi har marubucin waƙar da kansa ya sallama. Akasarin waɗannan sun fito ne daga masana'antar faifai ta Amurka da Ingila, inda al'adar ta kafu da dokokinta, kuma nazarinsu yana nuna cewa tushen nasararsu ɗaya ne: mawaƙi na biyu ya gano wata ma'ana da ke kwance a cikin waƙar wadda rerawar farko ba ta fito da ita ba, sannan ya sa murya da kiɗa da tsari duk suka yi wa wannan ma'ana hidima.

Iyakokin maimai

Ya kamata tun farko a raba maimai da wasu ayyuka uku da suke kama da shi. Na farko shi ne kwaikwayo, inda mawaƙi yake ƙoƙarin mayar da muryarsa da kiɗansa su zama tamkar na mai waƙar, kuma wannan yana da amfani a gidan biki ko ga ɗalibi mai koyo, sai dai ba ya zarce asali har abada, domin kama da wane ba ta wane. Na biyu shi ne ɗora sababbin kalmomi a kan tsohon kari, kamar yadda wasu masu bege da bandiri a Kano suka riƙa ɗauko karin waƙoƙin finafinan Indiya suna zuba masa kalmomin yabon Annabi da Hausa, al'adar da Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu suka yi rubuce-rubuce a kanta. Na uku shi ne yanko wani ɓangare na ainihin sautin tsohon faifai a saka shi cikin sabuwar waƙa, kamar yadda aka saba a kiɗan hip-hop. Maimai ya bambanta da dukkansu, domin shi yana riƙe kalmomi da kari, ya sauya duk abin da ya rage.

A shekarun 1950 kamfanonin faifai na Amurka sun riƙa amfani da maimai a matsayin makamin kasuwa, inda sukan ɗauko waƙar baƙar fata da ta fara tashe su ba farar fata ya rera, domin gidajen rediyon farare su watsa ta. Haka Pat Boone ya maimaita "Ain't That a Shame" ta Fats Domino a 1955, da "Tutti Frutti" ta Little Richard, kuma faifansa na "Tutti Frutti" ya ɗara na Little Richard matsayi a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a wancan lokaci. A yau kuwa rerawar Little Richard ce ake sauraro ana nazari, abin da ke nuna cewa yawan ciniki a shekarar fitowa ba ya isa ya zama ma'aunin fifiko.

Mataki na farko: zaɓen waƙa

Waƙar da ta dace da maimai ita ce wadda gininta yake da ƙarfi amma rerawarta ta farko ta bar sarari. Ana samun wannan sarari ta hanyoyi daban-daban: wani lokaci marubucin ya fi gwaninta a rubutu fiye da rerawa, wani lokaci an lulluɓe waƙar da kiɗan da ya danne kalmominta, wani lokaci kuma ta fito ne a kundin da bai samu shiga ba. "Hallelujah" ta Leonard Cohen ta fito a 1984 cikin kundin da kamfanin Columbia ya ƙi fitarwa a Amurka a lokacin, an kuma yi mata kiɗa mai nauyi da tarin 'yan amshi. "Nothing Compares 2 U" kuwa Prince ne ya rubuta ta ga wata ƙungiyar mawaƙa mai suna The Family, ta fito a 1985 ba tare da ta ja hankali ba, har sai da Sinéad O'Connor ta rera ta a 1990 duniya ta san da ita.

Saboda haka mai neman waƙar maimai zai fi cin riba idan ya tono tsofaffin kundaye ya saurari waƙoƙin da ba a cika watsawa ba, maimakon ya rungumi wadda ke tashe a wannan mako. Waƙar da mai ita ya riga ya kai ta maƙura, wadda jama'a ba sa iya raba ta da muryarsa, tana da haɗari ƙwarai, domin kunnen mai sauraro zai riƙa jin tsohuwar murya a bayan sabuwa yana kwatantawa. Kafin ya tsayar da shawara, mawaƙi ya tambayi kansa ko akwai abin da shekarunsa ko jinsinsa ko muryarsa ko tarihin rayuwarsa za su sa waƙar ta faɗa wanda ba ta faɗa a bakin mai ita ba, idan kuma amsar babu ce, to son waƙar kaɗai bai isa dalilin shiga situdiyo ba.

Mataki na biyu: warware waƙar

Bayan zaɓe sai a raba waƙar da kiɗan da aka san ta da shi. Hanyar yin haka ita ce a rubuta kalmomin da hannu baiti bayan baiti, a karanta su da babbar murya kamar zance ba tare da kari ba, har a fahimci wanda ke magana, da wanda ake yi wa magana, da abin da ya faru kafin a fara maganar. Daga nan sai a rera karin da kayan kiɗa guda ɗaya tak, jita ko fiyano, a gano haɗe-haɗen amon da waƙar ta tsaya a kansu, wato rukunin sautukan da ake bugawa tare su zama shimfiɗar da murya ke tafiya a kai. Abin da ya rage bayan wannan tankaɗe shi ne ainihin waƙar, sauran kuwa, irin su saurin kiɗa da kayan da aka buga da salon jan murya, zaɓin mawaƙin farko ne wanda na biyu ba ya ƙarƙashin tilas ya bi.

A wannan mataki yana da kyau mawaƙi ya dakatar da sauraron faifan asali na wasu makonni, yana rera waƙar daga ƙwaƙwalwarsa kawai, domin a cikin wannan lokaci ne numfashinsa da lafazinsa za su fara kama wuraren da suka dace da shi, ya daina ajiye numfashi inda mai waƙar ya ajiye. Haka kuma ya nemi duk sauran rerawar da wasu suka yi wa waƙar kafin shi, saboda sau da yawa maimai mai nasara yana ginuwa ne a kan wani maimai. Jeff Buckley ya gina "Hallelujah" tasa ta 1994 a kan ta John Cale ta 1991, kamar yadda aka fara shirya "I Will Always Love You" ta Whitney Houston bisa rerawar da Linda Ronstadt ta yi a 1975.

Mataki na uku: tsayar da mai magana

Wannan shi ne mataki mafi nauyi, kuma a nan ne ake cin nasara ko a faɗi tun kafin a kunna na'urar ɗauka. Otis Redding ya rubuta "Respect" ya fitar a 1965, kuma a bakinsa waƙar magana ce ta magidanci mai fita nema wanda yake so idan ya dawo gida matarsa ta girmama shi. Da Aretha Franklin ta ɗauke ta a New York ranar 14 ga Fabrairu 1967, mafi yawan kalmomin suna nan yadda suke, amma da yake mace ce ke furta su, kuma baƙar fata a Amurkar da ke tsakiyar gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙe da na mata, sai buƙatar ta koma neman mutuncin da aka daɗe ana tauyewa. Ta ƙara amshin da 'yan'uwanta Erma da Carolyn suke karɓa mata, wanda ya sa aka ji kamar mata ne da yawa suka haɗa baki, ta kuma ƙara wurin da take harrafa kalmar taken waƙar harafi bayan harafi. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard a wannan shekara, Redding da kansa ya faɗa a gaban taron waƙoƙi na Monterey cewa wata yarinya ta ƙwace masa ita, mujallar Rolling Stone kuma ta sa ta a kan gaba cikin manyan waƙoƙi 500 a jerin da ta fitar a 2021.

Shekaru ma suna sauya mai magana kamar yadda jinsi ke yi. Trent Reznor na ƙungiyar Nine Inch Nails ya fitar da "Hurt" a 1994 yana saurayi ɗan ƙasa da shekara 30, waƙar kuma kukan matashi ce wanda shaye-shaye da ƙin kai suka ɗaiɗaita. A 2002 furodusa Rick Rubin ya kai wa Johnny Cash ita, lokacin Cash yana da shekara 70, ciwo ya ci ƙarfinsa, muryarsa ta fara rawa. Kalmomin da ke magana a kan rabuwa da duk wanda aka sani, da rashin amfanin abin da aka tara, sai suka zama lissafin dattijo mai duban ƙarshen rayuwarsa. Matarsa June Carter, wadda ta fito a bidiyon waƙar, ta rasu a Mayun 2003, shi kuma ya bi ta a Satumba, Reznor kuwa ya bayyana cewa bayan ya kalli bidiyon ya ji waƙar ta tashi daga hannunsa. Darasin da ke nan ga mai maimai shi ne ya rubuta wa kansa jimla ɗaya da ke fayyace ko wane ne ke magana a rerawarsa da halin da yake ciki, ya riƙe ta a matsayin ma'aunin da zai auna duk shawarar da za ta biyo baya.

Mataki na huɗu: matakin murya, sauri da ƙirgen bugu

Matakin murya shi ne tsayi ko ƙasƙancin amon da aka kafa waƙa a kai, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar waƙar a matakin mai ita. Mawaƙi ya gwada ta a matakai uku ko huɗu, yana ɗaukar kowanne da waya yana saurare, har ya samu inda ɗango mafi muhimmanci ya faɗo daidai wurin da muryarsa ta fi motsa zuciya, wanda a wurin wasu can sama ne inda murya ke neman tsagewa, a wurin wasu kuma can ƙasa ne kusa da zance.

Sauri da ƙirgen bugu, wato adadin bugun da ke cikin kowane zagaye na kiɗa, su ne suka fi saurin sauya yanayin waƙa. Ƙungiyar Beatles ta fitar da "With a Little Help from My Friends" a 1967 a bakin Ringo Starr, waƙa mai fara'a mai bugu huɗu-huɗu wadda ba ta cika minti 3 ba. Joe Cocker ya ɗauke ta a 1968 ya rage mata gudu, ya mayar da ƙirgenta mai tafiya uku-uku, ya kai ta kimanin minti 5, ya kuma miƙa tambayoyin da ke cikin waƙar ga mata 'yan amshi yana ba su amsa da murya mai kaushi irin ta waƙoƙin cocin baƙaƙen Amurka. Da haka waƙar zumunci ta koma roƙon mutumin da ke gab da durƙushewa, ta hau matsayi na ɗaya a Ingila, ta kuma zama abin da aka fi tunawa da shi daga fitowarsa a taron Woodstock na 1969.

Rerawar Whitney Houston ta 1992 ta cancanci a duba ta da kyau, saboda tana nuna yadda ake sarrafa ƙarfin murya daga farko zuwa ƙarshe. Dolly Parton ta rubuta "I Will Always Love You" a 1973 a matsayin ban kwana ga Porter Wagoner, wanda ta daɗe tana aiki tare da shi, ta rera ta a hankali cikin salon kantiri, wato kiɗan karkarar kudancin Amurka, baiti na ƙarshe ma faɗarsa ta yi kamar zance. A fim ɗin The Bodyguard, bisa shawarar jarumin fim ɗin Kevin Costner, Houston ta buɗe waƙar da murya zalla ba kiɗa ko kaɗan har fiye da daƙiƙa 40, tana rerawa ƙasa-ƙasa ana jin fitar numfashinta. Kiɗa yana shigowa a hankali, busar saksofon ta ratsa tsakiya, sannan bayan baiti na ƙarshe komai ya tsaya cak, a yi shiru na ɗan lokaci har mai sauraro ya zaci an gama, sai a doki ganga sau ɗaya, ita kuma ta dawo da amshi a mataki mafi tsayi da dukkan ƙarfin ƙirjinta. Wannan ɗagawa tana ratsa jiki ne saboda an shafe kusan minti 3 ana tauye murya kafin a sake ta, kuma waƙar ta yi mako 14 a matsayi na ɗaya a Amurka. Masu kwaikwayonta da yawa sukan fara da ƙarfi tun baitin farko, sai su isa wurin ɗagawar ba su da sauran abin bayarwa.

Mataki na biyar: tsarin kiɗa

Tsarin kiɗa shi ne rabon aiki tsakanin kayan kiɗa, wato wanne zai shigo, a ina, da wane nauyi. Hanyoyi biyu ne a gaban mai maimai, ƙari ko ragi, kuma jimlar da ya rubuta a mataki na uku ce za ta nuna masa wadda zai bi. Bob Dylan ya ɗauki "All Along the Watchtower" a Nashville a ƙarshen 1967 da jitar katako da hamonika da bes da ganga, baiti uku ba amshi, cikin kimanin minti biyu da rabi, kuma kalmominta suna nuni da wata masifa da ke tafe alhali kiɗan yana tafiya a natse. Jimi Hendrix ya fara ɗaukar tasa a situdiyon Olympic da ke Landan a Janairun 1968, ya ci gaba da yi mata ƙare-ƙare na tsawon watanni a New York. Abin da ya yi shi ne ya sa jitar lantarki ta zama guguwar da kalmomin ke gargaɗi a kanta, ya cike tsakanin baitoci da kiɗan jita mai sassa daban-daban, kowane sashe da irin amonsa, kowanne kuma yana ƙara matsi a kan wanda ya gabace shi. Dylan ya karɓi wannan fassara har ya koma yana buga waƙar a dandamali bisa salon Hendrix, kuma ita ce waƙar da ya fi yawan rerawa a wasanninsa, sama da sau 2,000.

Cash da Rubin kuwa ragi suka yi. Sun cire ƙarar na'urori da hayaniyar da ke cikin faifan Reznor, suka bar jitar katako da fiyano, kuma a wurin amshi fiyanon yana dukan amo guda ɗaya ne ba sauyi, yana ƙara ƙarfi sannu a hankali har ya kusa rufe muryar dattijon. Ba a gyara rawar muryarsa ba, domin ita ce shaidar abin da yake faɗa. Ƙa'idar da za a ɗauka daga misalan biyu ita ce duk kayan kiɗan da ba za a iya faɗin aikin da yake yi wa ma'anar waƙar ba a cire shi, ko da yana da daɗi a kunne.

Mataki na shida: taɓa kalmomi

Kalmomi amanar marubuci ce, don haka a taɓa su kaɗan kuma da dalili. Cash ya sauya kalma ɗaya ta batsa a "Hurt" da wadda ta dace da imaninsa na Kirista. Cyndi Lauper ta gyara wasu ɗangogi na "Girls Just Want to Have Fun", wadda Robert Hazard ya rubuta a 1979 daga mahangar namiji, domin ta zauna a bakin mace a 1983. John Cale ya nemi kalmomin "Hallelujah" daga Cohen, aka aiko masa da shafi 15 na baitoci, ya zaɓi waɗanda suka fi karkata ga raunin ɗan Adam da ɗacin soyayya, ya rera su da fiyano kaɗai, kuma wannan zaɓi nasa ne mafi yawan masu maimaita waƙar suke bi har yau. Malaman ƙasar Hausa sun san irin wannan ladabi a tahmisi, inda sha'iri yake ƙara ɗango uku a gaban kowane baiti mai ɗango biyu na wani sha'iri ba tare da ya goge ko harafi ɗaya na asalin ba, kamar yadda Ibn Muhib ya yi wa Ishiriniyar Alfazazi.

Mai maimaita waƙar Hausa yana da ƙarin takunkumi da mawaƙin Turanci ba shi da shi, domin Hausa harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya da tsawon wasali suke bambanta ma'ana. Idan aka lanƙwasa kari fiye da kima, ko aka ja gajeren wasali saboda an rage saurin kiɗa, kalma tana iya komawa wata, ko ta fito kamar a bakin baƙo. Saboda haka wanda zai taɓa waƙar Mamman Shata ko ta Musa Ɗanƙwairo yana da 'yanci mai faɗi a kayan kiɗa da sauri da tsarin amshi, amma a kari sai ya bi hawa da saukar kalmomi sau da ƙafa, ya kuma tantance ma'anar kowane kirari da sunan kowane wuri daga bakin waɗanda suka sani kafin ya rera.

Mataki na bakwai: izini da haƙƙin mallaka

Kowace waƙa da aka fitar tana da haƙƙi iri biyu, na rubutun kalmomi da kari, wanda yake hannun marubuci ko kamfanin da ke kula da ayyukansa, da na sautin da aka ɗauka, wanda galibi yake hannun kamfanin faifai. Mai maimai yana hulɗa da na farko ne, tunda shi zai yi tasa ɗaukar. A Amurka, tun dokar 1909, da zarar an fitar da waƙa ga jama'a kowa yana iya maimaita ta a faifai muddin ya sanar ya kuma biya kuɗin da doka ta yanka, wanda a farko santi 2 ne a kan kowane kwafi, kuma wannan ne ya sa al'adar ta bunƙasa a can. Sai dai wannan lasisi bai ba da damar sauya ainihin karin waƙar ba, bai kuma shafi haɗa ta da bidiyo ko fim ba, wanda yake buƙatar izini na daban. Fassara waƙa zuwa wani harshe ma sai da yardar mai ita. A Nijeriya dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, tana kare rubutun waƙa har shekara 70 bayan rasuwar marubucinta, abin da ke nufin waƙoƙin Shata, wanda ya rasu a 1999, har yanzu suna ƙarƙashin wannan kariya.

Labarai biyu sun isa su nuna nauyin wannan batu. Lokacin da Elvis Presley ya so rera "I Will Always Love You", manajansa Kanar Tom Parker ya nemi a ba su rabin haƙƙin waƙar, Dolly Parton ta ƙi, saboda haka da rerawar Houston ta mamaye duniya ribar rubutun ta dawo hannunta. Solomon Linda kuwa, wanda ya ɗauki "Mbube" a Johannesburg a 1939, ya sallama haƙƙinsa ga kamfanin Gallo a kan kuɗi ƙalilan, waƙar ta bi ta hannun ƙungiyar Weavers a Amurka, ta zama "The Lion Sleeps Tonight" a bakin ƙungiyar Tokens a 1961, ta shiga fim ɗin The Lion King a 1994, alhali shi ya rasu cikin talauci a 1962, iyalinsa ba su samu sasanci ba sai a 2006. Maimai da ya ci haƙƙin mai waƙa ya rasa mutuncinsa komai daɗinsa, don haka a kammala maganar izini kafin a kashe ko sisi a situdiyo.

Mataki na takwas: ɗauka da gwaji

A situdiyo an fi so a ɗauki murya daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta a zama ɗaya, a maimaita haka sau da dama, sannan a zaɓi ɗaukar da ta fi gaskiya ko da tana da ɗan aibi, domin yawan yanka da liƙi da gyaran murya da kwamfuta suna kashe hawa da saukar zuciya da aka sha wahalar ginawa. Bayan an haɗa sauti sai a gwada waƙar a kan rukuni biyu na masu sauraro. Waɗanda ba su taɓa jin asalin ba a tambaye su abin da waƙar ke faɗa, a ga ko amsarsu ta yi daidai da jimlar da mawaƙi ya rubuta wa kansa. Waɗanda suka haddace asalin kuma a tambaye su ko akwai ɗangon da suka ji kamar yau suka fara jin sa. Idan rukuni na farko ya kama ma'anar, na biyu kuma ya nuna ɗango ko da guda ɗaya ne, to aikin ya kai a fitar da shi tare da sunan marubucin a rubuce a fili. Idan kuwa yabon da aka samu bai wuce cewa muryar ta yi kama da ta mai waƙar ba, sai mawaƙi ya koma mataki na uku ya sake tsayar da mai magana, ko ya ajiye waƙar ya nemi wata wadda yake da abin faɗa a cikinta.